Me ya sa ƙasan ƙwai ke ƙonewa alhali samansa bai nuna ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son soyayyen ƙwai a karin kumallo, irin wanda ake fasawa a kasko ba tare da an kaɗa shi ba. Amma kullum ɗayan biyu ne ke faruwa: ko ƙasan ya ƙone yana ƙauri alhali farin da ke kewaye da gwaiduwa yana nan da yauƙinsa, ko kuma in na jira ya nuna duka sai ya yi tauri kamar roba, gwaiduwar ta bushe. Wani lokaci ma mannewa yake yi, in na zo ɗagawa ya yage. Laifin kaskon ne ko na man?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kasko da mai suna da nasu rabon, kuma zan zo kansu, amma babbar mai laifin wuta ce. Na daɗe ina koyar da girki, kuma wannan ƙorafi naki na sha jin sa daga bakin masu koyo, har da waɗanda hannunsu ya faɗa a girke-girke masu wahala. Suyar ƙwai ba ta wuce 'yan mintuna, saboda haka babu sararin gyara kuskure. Miya in ta yi ruwa sai a bar ta ta ƙara tsotsewa, shi kuwa ƙwai in ya wuce ya wuce.

Abin da ya kamata ki fara riƙewa shi ne, abu biyu ne mabambanta a cikin ɓawo ɗaya. Farin ƙwai kusan kashi 90 cikin 100 ruwa ne, sauran furotin, kitse kuwa kusan babu. Gwaiduwa rabinta ruwa ne, kusan kashi ɗaya cikin uku kuma kitse. Farin yana fara daskarewa da zafi ya kai digiri 62 zuwa 65 a ma'aunin Selshiyos, amma furotin ɗin da ya fi yawa a cikinsa, wanda ake kira obalbumin, ya ɗan haura rabin duka furotin ɗin farin, ba ya kamawa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 80. Ita gwaiduwa tana fara kauri a digiri 65, ta daskare a wajen 70. To a nan gizo ke saƙar. Kina son farin ya kai 80, kina son gwaiduwa kada ta wuce 70, ga su manne da juna, ga kuma kaskon da in aka ɗora shi a babbar wuta yana iya kai digiri 200 cikin ɗan lokaci.

Ƙari a kan haka, daga ƙasa kaɗai zafin ke zuwa. In kin fasa ƙwai a faranti kika duba da kyau, za ki ga farin kala biyu ne: akwai mai ruwa-ruwa da ke malala gefe, akwai mai kauri da ya taru ya yi tudu kewaye da gwaiduwa. Na gefen siriri ne, yana taɓa kasko ya nuna nan take. Mai kaurin shi ne ya fi nisa da kasko, shi ne kuma ya fi buƙatar zafi. Kafin zafi ya ratsa ya iso samansa, ƙasan ya riga ya sha wuta har ya gaji. Yauƙin da kike gani ke nan, ƙaurin da kike ji ke nan.

Taurin roba kuwa, ga yadda yake samuwa. Ki ɗauki furotin kamar zare ne da aka dunƙule. Zafi yana warware shi, sai zarurrukan su sarƙe da juna su zama kamar raga mai riƙe da ruwa a tsakaninta. Wannan ragar ita ce farin ƙwai mai taushi. In zafin ya yi yawa ko ya daɗe, sai ragar ta tsuke ta matse ruwan waje, abin da ya rage ya zama mai tauri. A lokacin ne kuma ƙarni ke ƙaruwa, domin farin da ya sha wuta da yawa yana sakin iska mai warin sinadarin salfa. Mutane da yawa suna ƙara wa ƙwai wuta don su kashe ƙarni, ba su san ƙara shi suke yi ba.

Maganin duka wannan abu ɗaya ne: ki rage zafin da ke zuwa daga ƙasa, ki nemo hanyar kai zafi sama. Hanyar da nake fara koya wa kowa ita ce ta murfi.

Ki ɗauki ƙaramin kasko, wanda faɗinsa bai wuce santimita 20 ba in ƙwai ɗaya ko biyu za ki soya. Babban kasko yana barin mai ya gudu gefe ya ƙone a banza. Ki ɗora shi a wuta ƙasa da tsaka-tsaki na minti ɗaya zuwa biyu, ki zuba mai ƙaramin cokali biyu, ki jujjuya ya shafi ko'ina. Kafin nan kin riga kin fasa ƙwan a ƙaramin kofi. Kada ki raina wannan mataki. In baragurbi ne, a kofi za ki gane, bai ɓata miki kasko ba. In ɓawo ya faɗa, ki ciro shi da wani ɓarin ɓawon, ya fi yatsa kama shi. Wajen fasawa kuma ki buga ƙwan a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a bakin kasko ko bakin kofi ba, domin kaifin baki yana tura ɓawo ciki ya huda gwaiduwa.

Ki kawo kofin dab da man sannan ki tuttule a hankali. Yanzu ki kasa kunne, don kunne ya fi ido saurin gaya miki gaskiyar wuta. In kin ji "cuuu" a hankali, mai ɗorewa, kin dace. In kin ji yana tartsatsi, farin yana kumbura yana ƙwai-ƙwai yana fashewa, wuta ta yi yawa: ɗaga kaskon gaba ɗaya daga kan wutar na daƙiƙa goma, ya fi rage wuta saurin aiki. In kuma shiru kika ji, kaskon bai yi zafi ba, ƙwan zai malale ya sha mai.

Bayan kamar daƙiƙa 30 zuwa 40, za ki ga gefen ya yi fari tas, tsakiyar tana nan garai-garai. A nan sai ki zuba ruwa ƙaramin cokali ɗaya a gefen kaskon, ba a kan ƙwan ba, ki rufe. Ruwan zai zama tururi, tururin ya taru ƙarƙashin murfi ya dafa saman ƙwan, ya kuma ɗan sanyaya kaskon don kada ƙasan ya ƙone. Minti ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. In murfin na gilashi ne ya fi, kina gani ba sai kin yi ta buɗewa tururin yana tserewa ba. Don ki tabbatar, ki ɗan girgiza kaskon: farin ya tsaya cak, gwaiduwar kaɗai ke rawa. Ki sauke a lokacin, kada ki ce bari ya ƙara kaɗan, domin zafin da ke jikinsa zai ci gaba da dafa shi har a faranti.

Za ki lura wani ɗan fari-fari ya lulluɓe saman gwaiduwar. Ba wani abu ba ne, ɗan siririn farin ƙwai ne da ke kanta, tururi ya dafa shi. In kina son ta fito rawaya shar, to ki bar ruwan, ki ƙara rage wuta, ki rufe rabi-rabi, ki ba shi minti uku zuwa huɗu. Akwai kuma wata 'yar dabara da nake yi kusan kullum: da zarar ƙwan ya sauka a kasko, sai in sa bakin cokali in tsaga farin nan mai kauri a wuri biyu ko uku, ba tare da na taɓa gwaiduwa ba. Tudun sai ya baje, ya yi daidai da sauran, ya nuna tare da su.

Hanya ta biyu ita ce wadda ni na fi so, in gaya miki gaskiya, ko da yake ta fi cin mai. Ita ce ta masu son gefen ƙwai ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, gwaiduwa kuma tana nan da ruwanta. Mutanen Sifen sun shahara da irin wannan suya da man zaitun. A nan mai babban cokali biyu zuwa uku za ki zuba, wuta ta ɗan haura tsaka-tsaki, ki jira sai man ya fara sheƙi yana gudu kamar ruwa in kin karkata kaskon, amma bai kai ga hayaƙi ba. Ki zuba ƙwan, zai yi ƙara, gefen ya tashi ya yi huji-huji kamar leshi. Sai ki karkata kaskon man ya taru gefe ɗaya, ki riƙa ɗibar sa da cokali kina kwarara wa farin, musamman wurin nan mai kauri. Kina zubawa kina ganin yana kumbura yana yin fari a gabanki. Gwaiduwa ki bar ta, ko ki ba ta cokali ɗaya a ƙarshe. Duka-duka minti ɗaya da rabi. A wannan hanya kada ruwa ya kusanci kaskon ko ɗigo, kuma ki tsane cokalin ya bushe, don mai mai zafi da ruwa in sun haɗu fallatsa suke yi.

Wannan jan da gefen ke yi ba ƙuna ba ce. Haɗuwa ce tsakanin furotin da ɗan sukarin da ke cikin farin ƙwai, wadda ke kankama in zafi ya haura digiri 140. Wani masanin kimiyyar sinadarai ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana ta a 1912, ita ce kuma ke ba ɓawon burodi da gasasshen nama launinsu da ƙamshinsu. Bambancinta da ƙuna a hanci yake: ja mai kyau yana ƙamshi kamar gyaɗa ana soyawa, ƙuna kuwa ƙauri take yi, ta yi baƙi, ta yi ɗaci. Abin da ke faruwa a naki kaskon shi ne kina ba shi wutar hanya ta biyu da ɗan man hanya ta farko, babu murfi, babu kwarara mai. Ƙasan ya samu zafin da ya wuce kima, saman bai samu komai ba.

Juyawa ita ce ta uku, ba ta buƙatar dogon bayani. In ƙasan ya kama, ki zura faffaɗan cokali har ƙarƙashin gwaiduwa, ki juya shi dab da kasko, ki kashe wutar. Daƙiƙa 15 zuwa 20 in kina son ruwa-ruwa, minti ɗaya in kina son ta kama.

Yanzu batun mannewa. Furotin ɗin ƙwai yana kama jikin ƙarfe in ya same shi tsirara, shi ya sa sai an sa wani abu a tsakaninsu. Kaskon da aka shafa wa Teflon, wato sinadarin da ke hana abinci mannewa, ya fi sauƙin sha'ani. Wani masani Ba'amurke, Roy Plunkett, shi ya gano sinadarin a 1938. Sai dai shafen yana fara lalacewa in zafi ya haura digiri 260, don haka kada ki bar shi a babbar wuta ba komai a ciki, kada kuma ki kankare shi da cokalin ƙarfe. Irin wannan kasko ya dace da hanyar murfi. In ya riga ya kakkarce yana ɓarewa, ya gama aikinsa, babu dabarar da za ta hana shi kama ƙwai.

Kaskon farin ƙarfe mara shafe yana soya ƙwai lafiya, sai dai yana da sharaɗi. Ki fara zafafa shi shi kaɗai, ki yarfa ɗigon ruwa. In ɗigon ya yi "cus" ya ƙafe, da saura. In ya dunƙule yana yawo a kan kaskon kamar ƙwallo, ya yi. Tururi ne ke ɗaga ɗigon sama, abin da wani likita Bajamushe mai suna Leidenfrost ya bayyana tun 1756. Sai ki goge ruwan, ki zuba mai, ki rage wuta, ki ɗan jira zafin ya sauka kafin ki zuba ƙwan. Daga nan kuma ki cire hannunki. Yawancin ƙwan da ke yagewa, garajen ɗagawa ne ya yaga shi. In ƙasan ya nuna, da kansa yake sakin kaskon. Ki gwada gefe da bakin cokali, in ya ƙi, ki ƙara masa daƙiƙa ashirin.

Abin da nake zargi a wajenki shi ne kasko mara kauri. Siririn kasko yana ɗaukar zafi nan da nan, kuma ba ya raba shi daidai: inda harshen wuta ke taɓawa ya yi zafi fiye da kima, gefe kuma da sauran sanyi. In shi kike da shi, ba dole sai kin sayi wani ba, ki dai mayar da wutar can ƙasa, ki saba da ɗaga shi sama in kin ji ƙarar ta sauya.

Mai kuwa, kowanne da wurinsa. Bota kusan kashi 80 cikin 100 kitse ce, sauran ruwa ne da ɗan burbushin madara. Wannan burbushin ne ke ba ta daɗi, shi ne kuma ke saurin ƙonewa, don haka ta dace da suya a ƙaramar wuta. Tana ma da wata fa'ida: in ta narke ta yi kumfa, kumfar ta fara kwanciya, to ruwanta ya ƙafe, lokacin zuba ƙwai ya yi. Suya mai ƙaras-ƙaras kuwa mai zalla take so. Ki sani dai, babban ƙwai ɗaya yana da kalori wajen 70 da furotin giram 6, amma babban cokali ɗaya na mai yana da kalori kusan 120. Ba duka man ne ke bin ƙwan ba, amma in kina kula da nauyin jiki, hanyar murfi ce taki ta kullum, ɗayar ki bar ta sai ranar marmari.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma yana da hannu a matsalar, wato shekarun ƙwan, in ce kwanakinsa. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa da iska ke fita a hankali tun ranar da kaza ta saka shi. Yana kwana, farin mai kauri yana tsinkewa, fatar da ke riƙe da gwaiduwa tana raunana, ɗan ɗakin iskan da ke gindinsa yana girma. Shi ya sa sabon ƙwai ke zama dunƙule a kasko, gwaiduwarsa a tsaye, tsoho kuma ya malale ko'ina, gwaiduwar ta fashe ko ba a taɓa ta ba. Ki gwada a kofin ruwa: sabo yana nutsewa ya kwanta, wanda ya ɗan daɗe yana tsayawa a kan tsininsa, wanda ya taso sama kuwa ki rabu da shi. Masu tsayawar nan sun fi kyau da dafawa, ɓawonsu ma ya fi sauƙin ɓarewa. In ba ki da wani sai su, ki fasa a ƙaramar rariya, farin mai ruwa-ruwa ya tsiyaye, ki soya sauran. Farin zaren nan da kike gani manne da gwaiduwa ba aibu ba ne, shi ke riƙe ta a tsakiya. Launin gwaiduwa kuma daga abincin kazar yake, launin ɓawo daga jinsinta.

Kada ki wanke ƙwai ki ajiye. Yana da wani siririn shafe a bayansa da ke toshe ƙofofin nan, ruwa yana cire shi. A Amurka ana wanke ƙwai kafin a kai kasuwa, shi ya sa dole ya zauna a firiji, a ƙasashen Tarayyar Turai kuma ba a wanke shi. Wanda ya riga ya shiga firiji ya ci gaba da zama a can, domin in ya fito ya daɗe yana yin gumi, danshin kuma yana taimaka wa ƙwayoyin cuta su ratsa ɓawo.

Wannan ya kawo ni kan maganar da ba zan tsallake ba. Gwaiduwa mai ruwa-ruwa ba ta kai zafin da ke tabbatar da mutuwar ƙwayar cutar salmonela ba, mai haddasa zazzaɓi da gudawa da ciwon ciki. Hukumomin abinci na Amurka suna ba da shawarar a dafa ƙwai har fari da gwaiduwa su kama. A Birtaniya an sassauta wannan a 2017, amma ga ƙwan da ke ɗauke da hatimin wani tsari da ake yi wa kajinsa rigakafi tun 1998. Saboda haka ƙananan yara, mai juna biyu, tsofaffi, da wanda rashin lafiya ta raunana garkuwar jikinsa, ki dafa musu shi ya nuna duka. Ina riƙe da wannan da gaske, ko a gidana ba na sassautawa. Kuma nuna duka ba ya nufin bushewa: ƙaramar wuta, cokalin ruwa, murfi, minti huɗu zuwa biyar, gwaiduwar za ta kama amma tana nan da laushi. Ko ki huda ta tun farko ta baje, ta nuna da wuri. Masu cewa ɗanyen ƙwai ya fi gina jiki ma ba su yi daidai ba: wani bincike da aka yi a Beljiyam a 1998 ya nuna jiki yana narkar da wajen kashi 91 cikin 100 na furotin ɗin dafaffen ƙwai, na ɗanye kuwa wajen kashi 51.

Gishiri ki bari sai farin ya kama, ki barbaɗa a kansa. In ya sauka a kan ɗanyar gwaiduwa yana janyo ruwa ya bar mata ɗigo-ɗigon fari. Ba ya ɓata ɗanɗano, kyan gani kawai yake ragewa. Masoro ko barkono kuma sai an sauke, don garin yaji yana saurin ƙonewa a mai.

Sauran abu ɗaya, wanda ke raba ƙwai mai daɗi da wanda aka ci don dole: shi ne na ƙarshen sauka daga wuta. Ki gasa burodinki, ki haɗa abin shanki, ki kira wanda za ku ci tare ya zauna, sannan ki fasa ƙwai. Ki ɗauraye farantin da ruwan zafi ki goge, don faranti mai sanyi yana tsotse zafin ƙwan cikin minti ɗaya, man ya daskare, ƙarni ya taso. In kin yi mai ruwa-ruwa, ki ɗora shi a kan burodin tun yana turiri, ki huda gwaiduwar da bakin cokali ta gangaro ta jiƙa shi, ki fara ci daga gefen nan ja kafin ya yi sanyi ya saki.